Korar Mai Gabatar da Shirinku Ba Ta Wanke Mu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidan Talabijin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya.

Ni Bafulatana ce, malamar firamare a Faskari. Na rubuto ne kan fitaccen mai gabatar da shirinku na yammacin Juma'a, wanda kuka kora bisa zargin ƙabilanci.

Na farko, ya yi laifi. Da kunnena na ji ya ce kowane Bafulatani da bindiga a ƙarƙashin rigarsa. Mu da 'yan bindiga suka kwashe wa shanu a dajin Sabuwa, muka gudo gari da kayan jikinmu! A makon da ya faɗi haka, Inna, mahaifiyata, ta kai nono kasuwa, matan da suka saba saye suka kau da kai. Ta dawo da ƙwaryarta cike, ta zauna a zaure.

Na biyu, korar ba ta gyara komai ba. Sanarwa kawai kuka fitar, ba ku zaunar da shi kun ji ta bakinsa ba. Yanzu a tasha da wurin mai shayi cewa ake yi Fulani ne suka ci masa aiki. Laifinsa ya koma kanmu.

Na uku, mutumin nan ba baƙo ba ne a gidajenmu. Lokacin da aka kai hari ƙauyukan Ƙanƙara, shi ya taka har can ya ba zawarawa dama suka yi magana, Hausawa da Fulani. Maƙwabcinmu Baba Audu, manomi ne Bahaushe da ya rasa ɗansa, ya ce mini: "Malama, bakin da ya ɓata ku shi zai gyara. In wani ya faɗa, ba za a ji ba." Tun ranar da ya gaya mini haka jikokinsa ke raka Inna kasuwa, cinikin kuma ya fara dawowa.

Roƙona shi ne ku saurare shi, ku mayar da shi, ya janye maganarsa a cikin shirin da ya yi ta. Sannan ku turo shi Faskari. Inna ta ce in ya zo ba za ta yi masa faɗa ba, tana so ne kawai ta gaya masa sunayen shanunta da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya yi maka jagora, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Faskari.