Damisar da Baba Yake Juya wa Fuska

Al Wukair, Doha,
Watan Azumi, 2020.

Zuwa ga masoyiyata Mufeeda,

Gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Shetu da duk mutanen Aboabo. Yaya azumi, yaya zaman kulle a Kumasi?

Ni da mahaifinki Baba Abdul-Ganiyu muna nan ƙalau. Korona ta sa an rufe gidan kayan tarihin da muke gadi a Lusail, mu biyu kaɗai muka rage da tukwanen mai gida. Tukwanen mutanen da ne na ƙasar Amurka, tun kafin Turawa su je can. Kowace da dabbarta: wata kwaɗo ne a hannunta, wata jemage ya lafe a wuyanta. Wadda aka fi ji da ita butar ƙasa ce mai kan damisa, haƙora a waje. An hana mu taɓa ko ɗaya.

To ga abin dariya. Masallatai a rufe suke, sai a ɗakin ajiya muke salla, kuma damisar nan daidai alƙibla take. Baba ya rantse ba zai kai goshinsa ƙasa gaban siffar dabba ba. Kullum sai ya kama kunnenta ya juya fuskarta bango, in ya sallame ya mayar. Na ɗauke shi a waya, in na zo ki sha dariya. Tsohon nan akwai rigima!

Ki shafa min kan Shetu.
Mijinki mai kewarki,
Rafiu.

Al Wukair,
Oktoba, 2022.

Mufeeda tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Shetu, ina so ki karanta wannan a zaune, kuma ban da kuka.

Saboda baƙin gasar ƙwallon duniya aka fito da tukwanen nan babban zaure. Baturiyar da ke kula da su ta ga jan fentin kunnen damisa ya goge, gindinta kuma ya karce. Ta ɗauka a jirgi abin ya faru tun da daɗewa, har maganar ta kusa mutuwa. A makon ne kuma mudir, wato shugabanmu, ya ce bayan gasa mai gadi ɗaya za a bari, kuma Baba za a bari don ya riga ni zuwa.

Sai na kai masa hoton nan na waya.

Kada ki ce komai tukuna. Baba ya ci zamaninsa. Gwiwarsa ta ƙare, yana gyangyaɗi a bakin aiki. I, shi ya kawo ni Doha, shi ya ba ni ke, na sani, ba sai an tuna min ba. Amma ni na sa shi ya taɓa? Da aka kira shi bai musa ba. Ya tsaya da hularsa a hannu yana bayanin alƙibla, mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu a nan, ya soke takardarsa, jibi zai sauka Accra. Ku je tarbarsa, don da ƙyar yake ɗaga jaka.

An ba ni zauren da sabuwar riga. Ina neman takardar da za ta kawo ku, ke da Shetu. Don ku na yi, kuma wallahi ban yi nadama ba.

Naki har kullum,
Rafiu.

Al Wukair,
Disamba, 2022.

Maman Shetu,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Baba? Saƙonki ya iso, gajere ƙwarai, ko sunana babu a kai.

Gasa ta ƙare, gari ya yi shiru. Takardarku ta fito, tana hannuna, sai ga shi kin ce ba za ki zo ba, wai ba mai jinyar Baba sai ke. Haba Mufeeda! 'Yan'uwanki fa, sun mutu ne? Kin san abin da na yi kafin takardar nan ta samu.

Kin ce bai zage ni ba, bai ma faɗa wa kowa dalilin dawowarsa ba. Da ma ya zaga, da na fi jin daɗi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne layinki na ƙarshe: wai duk lokacin da Shetu za ta yi salla kusa da shi, sai ya miƙa hannu ya juya hoton aurenmu da ke kan tebur ya fuskanci bango. Kika ce hoto ne kawai ba ya so. To in ta sallame, yana mayarwa? Damisa dai yana mayar da ita. Ki duba min wannan, ki faɗa min gaskiya.

Ki gaida shi, in zai amsa.
Mijinki,
Rafiu.