Kaza ta tare a gurbin famfon motata

Anti Badi'a, ki taimake ni kafin in yi abin da za a daɗe ana labarinsa a Gwarzo.

"Kafin a kira la'asar zan mayar miki da shi." Abin da maigidana ya faɗa ke nan ranar da ya kwance famfon sitiyarin motata. Lokacin ba a fara shuka ba. Yau gero ya fi ni tsawo.

Motar ba ta yi laifin komai ba, ɗan kuka take yi idan na sha kwana. Malam ya kalli bidiyo a waya, ya aro sifana, ya cire bel da tiyo, ya jiƙa famfon da kalanzir a cikin kwanon da nake kwaɓa alkaki. Ya bar bonet a buɗe wai injin ya sha iska. Sai kazar maƙwabciyarmu Indo ta shiga gurbin famfon ta saka ƙwai, yanzu tana kwanci.

Malam ya ce tayar da ita zalunci ne, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya hana. Kullum da safe shi ke kai mata tsaki da ruwa. Ni da nake koyarwa a Kabo, acaɓa nake hawa. Na karanta littattafai da yawa, Anti, ban taɓa cin karo da inda kaza ta gaji mota mai ita tana raye ba.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yata Zulaiha tana aure a Gude, cikin fari ne, watanta ya kama. Ni ya kamata in ɗauko ta ta haihu a gabana. Surukanta har sun fara tambaya ko ba ta da uwa.

Na ba shi zuwa Juma'a mai zuwa. In aka sauko daga masallaci famfon bai koma ba, na gama magana da Jalo, wani manomi na garin Mainika: zai kawo shanun huɗarsa biyu a ɗaura wa motar. Malam zai zauna a gaba ya murɗa busasshen sitiyarin nan da ƙarfinsa, mu ratsa tsakiyar kasuwa, da kazar da komai. Na yi tsauri?

Mai mota a ƙafa, Gwarzo

Mai mota a ƙafa, fushinki yana kan hanya, amma ki dubi Malam da kyau. Ina zaton ba tausayin kaza ke damunsa ba. Ya manta yadda ake mayar da famfon ne, kunya ta hana shi faɗa, kazar kuma ta rufa masa asiri.

Ki roƙi Indo ta kwashe kazarta da ƙwan zuwa akurki, haƙƙin maƙwabtaka ya fita ke nan. Ki kira makanike ya ɗaura famfon, ki bar Malam ya riƙe masa sifana don ya samu abin faɗa a majalisa. A sa sabon bel, a zuba mai, a yi ta juya sitiyarin hagu da dama har iska ta fita.

Zulaiha kuwa ba za ta jira Juma'a ba, naƙuda ba ta san wa'adinki ba. Ki ɗauki shatar mota gobe ki ɗauko ta.

Shanun Jalo kada ki sallame su tukuna. Ki sa ya zo ya ɗaure su a ƙofar gida inda Malam zai riƙa ganinsu. Allah ya sauki Zulaiha lafiya, ya mayar da famfo gurbinsa.

Anti Badi'a