Zuciyar da Ba Ta San Ni Ba

Zuwa gare ka Maazou, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan randata in ƙishi ya kai ni maƙura!

Daga nan garin Stains nake gaishe ka, gaisuwar mai tsoro. Tun ranar da likitanka na Lyon ya ce sunanka ya hau saman jerin masu jiran dashen zuciya, ba ni da aiki sai awon hanya. Kilomita wajen ɗari huɗu daga filin jirgin Roissy da ke kusa da mu zuwa na Lyon, awa guda da ƴan mintoci a sama. Na haddace kamar karatun allo. Amma wa zai rage mini jiran bas, da layin bincike, da hanyar shiga gari? Likita ya ce in zuciya ta samu ba a jiran kowa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, kullum sai in ga an rufe ƙofar ɗakin tiyata kafin in iso!

Kai kuwa sai dariya a waya, wai in hau TGV, jirgin ƙasan nan mai gudu, in huta, ni da tsoron jirgin sama ya hana ni zuwa Damagaram shekara huɗu. Yi dariyarka. Shi ma na auna shi, awa biyu ne, wanda ya riga tashi shi zan hau. Sati uku ke nan jakata na bakin ƙofa.

Ka tuna ranar nan a unguwar Guillotière ta Lyon, da muka fito shagon Taha da ƙunshin kilishi, ka ruga don ka tsayar mana da tram, jirgin nan na cikin gari, ka kasa, ka jingina da bango kana haki? Ka kama hannuna ka ɗora a ƙirjinka, ka ce laifina ne, ni nake sa zuciyarka gudu. Ni kuma sakarya na yarda, har da sunkuyar da kai. Ashe ciwo ne ke sallama.

An ce sabuwar ma wataƙila a jirgi za a kawo ta, cikin ƙanƙara, ba ta jure fiye da ƴan awoyi. Ita a buɗe mata hanya, ni in bi layi! Ga abin da ko Inna ban faɗa wa ba: wadda za a cire ita ce ta san ni. Baƙuwar nan, ina ta taɓa jin sunan Hassia? In ka farka ka dube ni kamar wata mai aikin asibiti, ina zan sa kaina?

Don Allah, in kira ya zo, ni za ka fara bugawa, kafin yayanka. In ban iso ba, ka ɗora hannunka inda ka taɓa ɗora nawa, ka yi wa tsohuwar ban kwana a madadina, ka ce na gode. Sabuwar kuwa bar ni da ita. Zan zauna gefen gadonka in gaya mata ko ni wace ce, ko shekara nawa za ta ɗauka kafin ta saba da ni.

Allah ya tashi kafaɗarka.

Taka da wannan zuciyar, taka da mai zuwa,
Hassia