Ranar da Gwaggo Ta Cije

Zuwa ga Yaya Abdulhadi, a Kalaba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Tahira da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa, gero ya shiga rumbu, gyaɗa kuwa ta yi 'ya'yan da rabonmu da ganin irinsu tun kana gida. Na ba Hashimu mai kai albasa takardar nan ne domin labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Kati zai ƙare ban kai tsakiya ba, ni kuwa ka san ba na sayar da kaya rabi.

Yaya, Gwaggo ta tashi! Motar Baba nake nufi, tsohuwar a-kori-kurar da ka koyi tuƙi a kanta har ka rushe mana dangar Baffa Iliyasu. Ka san tun azumi take zaune a gindin darbejiya, ruwa ya haɗe mata da baƙin mai ya koma kamar kunun kanwa, kaji har sun fara saka ƙwai a mazaunin direba. To kwanakin baya sai ga Alhaji Dabo mai sayen gwangwan daga Zakirai, yana zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙarfenta, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Baba kuwa ya faɗa a gaban mutane cewa in ba ta kai gyaɗarmu kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi da ƙafarta ba, Litinin Alhaji Dabo ya zo da masu yanka su kwashe. Ka san Baba, magana zarar bunu ce a wurinsa. Ni kuwa na ce ba a gabana za a daddatsa motar da ta kai Inna asibiti ranar da za a haife ni ba.

Na shiga Kano na sayo gaskit, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, bayan na yi wa mai shago cinikin da sai da ya tambaye ni ko ni ma ɗan layin ne. Na kira Kamaruddeen ɗan Baffa Iliyasu, wanda yanzu shi ke gyaran injinan ban ruwa a yankinmu. Ya ce inji inji ne, bambancinsu girma kawai. Ranar Alhamis muka cire kan injin, muka kankare, muka goge, magariba ta riske mu ba mu rufe ba, sai muka yafa mata buhu muka tafi. Duk wunin nan Baba ko kallonmu bai yi ba. Da zai wuce masallaci ma cewa ya yi da mun sa ƙarfin nan a cirar gyaɗa da ya fi.

Ranar Juma'a da hantsi muna buɗe buhu sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin na sallamar damina. Nan fa muka shiga gaggawa. Kamaruddeen ya ɗora gaskit, muka ciccibi kan inji muka aza, yana ɗaure noti ina riƙe masa tabarma a ka. Da ruwa ya ɗauke, rabin gari na tsaye. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Injin ya juya kaɗan, sai na ji ƙum, shi ke nan. Na sake murɗawa, ko motsi. Gwaggo ta cije.

Ranar na san garinmu cike yake da kanikawa. Wannan ya ce batir ne, aka aro na mai injin niƙa aka sa, ba ta ko yi tari ba. Wancan ya ce a tura ta, samari suka taru suka tura, ina sakin kuloci tayoyin baya suka kafe suna jan ƙasa kamar jakin da ya ga rijiya. Nan na hana, kada a karya mata wani abu a ciki. Kamaruddeen ya zauna a kan turmi ya rafka tagumi. Sai ga Alhaji Dabo, ko wa ya kai masa labari oho, ya leƙa ya girgiza kai, ya ce ai inji ya buga, sai haƙuri, kuma don zumunci zai iya zuwa ya ɗauke ta tun Asabar ya hutar da mu.

Wannan maganar ce ta farkar da ni, Yaya. Shekarun da na yi a kasuwa sun koya mini abu guda: duk mai sayen da ya yi saurin yi wa kayanka ta'aziyya, to kayan da ransu. Na ce wa Kamaruddeen injin da ya buga ai sai ya yi aiki ya ɗau zafi tukuna, wannan kuwa ko tashi bai yi ba, ina ya samu zafin? Na sa ya kama babban notin gaban inji da sifana ya juya baya. Wallahi sai ya tafi sumul, ya kusa zagayowa, sannan ya tsaya cak. Ya dawo da shi gaba, ya sake tsayawa. Na ce wannan ba mutuwa ba ce, ƙofa ce aka tokare ta ciki. Muka cire filogi duka, na riƙa zura siririyar wayar ƙarfe a ramukansu. A na uku wayar ta taɓo wani abu mai taushi, ta fito da ɗan ɓarɓashi fari-fari. Na shinshina. Yaya, ƙamshin masara!

Asabar da sassafe muka sake kwance abin da muka ɗaure jiya. Muna ɗaga kan inji sai ga ta kwance a kan fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin ramin inji, ta lotse: totuwar masara. Amma ba irin wadda ake ci a yar ba. An fiƙe bakinta da wuƙa, an yi mata ɗan wuya, an naɗa shuɗin zare. Kai ma yanzu na san ka gane. Duk ƙasar Ɗanbatta mutum ɗaya ne ke yin murfi haka, wanda tun muna yara ba ya iya wuce jarka ko gora ko butar alwala a buɗe sai ya toshe ta. Kamaruddeen ya buɗe baki zai yi magana, ga mutane a tsaye, ga Baba can a kan buzunsa yana jan carbi da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Na taka masa ƙafa, na dunƙule totuwar a hannu, na ɗaga murya na ce ai jar akuyar Inna ce ta hau mota tana tauna, ta sako mana ita ciki. Aka kwashe da dariya, aka yi ta tsine wa akuya.

Daga baya Inna ta ja ni madafi ta ba ni sauran. Ashe ranar Alhamis, yana dawowa daga sallar magariba, Baba ya ɗaga buhun ya ga ramuka biyu masu zurfi a buɗe. Ya shigo yana faɗa wai yaran zamani za su bar yashi ya shiga cikin baiwar Allah. Ya fiƙe totuwa biyu, ya naɗe su da tsumma ya cusa. Da asuba ya je ya zare kafin mu fito, ɗaya ta fito da tsummanta, ɗayar kuwa tsumman kawai ya biyo hannunsa, idonsa kuma ka san yadda ya koma. Mu ma hadari ya hana mu leƙawa. Mutumin da ya ce a yanka ta, shi ne ke tsoron kada ƙura ta taɓa ta.

Allah ya taimake mu totuwa ba ƙarfe ba ce, ba ta lanƙwasa komai ba. Muka share, muka mayar, wannan karon sai da na leƙa kowane rami kamar mai sayen ƙwai. Na murɗa makulli, ta yi tari, ta yi atishawa, sai ta ɗauka! Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, hayaƙin farko kuwa duk unguwa ta ce ƙamshin gasasshiyar masara yake.

Lahadi muka loda gyaɗa. Ina shirin tayarwa sai ga Baba cikin farar babbar rigarsa, ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba. A bakin kasuwa muka yi kiciɓis da Alhaji Dabo, ya ce wa Baba in ta sake tsayawa yana nan. Baba ya ce masa ya huta, sharaɗi ya cika, kuma ko ta mutu nan gaba a gida za ta kwanta. A hanyar dawowa, mun wuce gonar Baffa, yana kallon waje ta taga, sai ya ce da ni a hankali: "Ikrima, akuyar nan kada a doke ta. Da kyakkyawar niyya ta yi, tsufa ne ya taɓa mata ido." Na ce to Baba, ai tuni na yafe mata.

Don Allah in kun yi waya kada ka nuna ka san komai, ka tsaya a kan akuya. Totuwar tana cikin akwatina, sai ka zo sallah ka gani da idonka. Kuma tunda ran Gwaggon da kuke ƙauna ya dawo, tayoyin gabanta sun yi sanƙo kamar kan Baffa. Ban roƙa ba, labari kawai nake bayarwa.

Inna tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jikanta Jamil. Safiyatu da Aina'u suna gaida Anti Tahira, Baffa Iliyasu da Kamaruddeen suna miƙo tasu. Baba ya ce Allah ya yi maka albarka. Jar akuya ma tana gaisuwa, yau na ƙara mata dusa, domin ta ɗauki laifin da ya fi ƙarfinta.

Naka har kullum,
ƙanenka Ikrima.