Kati a Kan Randa

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau ƙanena Bashiru ya ƙure ni. Na dawo daga Maradun na tarar ya zare katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotuna, daga kwamfutar da muke haɗa bidiyo, ya ɗora shi kan murfin randa, wai zafin garin nan zai kashe shi. Ya jona shi da wata siririyar waya da ya tsinto wurin abokansa.

Na kunna manhajar gwada saurin katin a gabansa. Hoton da jiya ke tafiya sumul, yau ɗingishi yake, makin ya zube ƙasa. Katin lafiyarsa lau, hanyar ce ta ƙuntata. Raminsa na asali a cikin kwamfutar yana da layukan saƙo goma sha shida ne, wayar Bashiru layi ɗaya. Mutum ya tashi ban ruwan gonar shinkafa da buta!

Ga bidiyon walimar sauka na mutanen Bakura, gobe za su zo karɓa, ko rabi bai fita ba.

Ko kunya bai ji ba. Wai, "Yaya, taɓa shi ka ji, sanyi ƙalau."

Na ce masa gawa ma sanyi gare ta.