Ramin Motmot

Talata da dare, Lusail, ƙasar Larabawa

Har yau ban yafe wa waɗanda suka ba ɗan wani gurbina na karatun ilimin tsuntsaye ba. Ga ni da furfura, ina gadin ƙofa.

Yau maigida ya sa sabon tsuntsu a babban kejin tsakar gida, kore mai shuɗin kai. Motmot ne, na dazuzzukan Kudancin Amurka. A littafi kawai na san shi. Bulus mai gyaran AC ya leƙa ya ce, "Baba, wa ya fige masa jela haka?"

Na ce, "Ba kowa, ɗana. Gashin tsakiya ke zubewa, ya bar tuntu biyu a ƙarshe."

Tsuntsun ba ya sheƙa a bishiya, rami yake haƙa a gaɓar kogi. Da na ga yana ta saran tayil da baki, sai na ciko daro da jiƙaƙƙiyar ƙasa na tura masa. Ya kama haƙa, yana watso ƙasa baya da ƙafafu. Na tsuguna ina ta murmushi, har gwiwoyina suka sage.

Da la'asar maigida ya gani. Ya ce, "Khalas, ya isa haka, kwashe dattin nan."

Da hannuna na kwashe. Ramin ya kai tsawon yatsata.