Farin Yadin Alhaji Salihu

Taman Melati, Kuala Lumpur

Husainatu,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu, ya yara? Hureira mai saro kaya za ta kawo miki wannan. A waya ba na iya magana, gidan yayanki Abdulmajid ko tari na yi yana ji.

Malam ya ce inda rasuwar babanku ta same ni nan zan yi takaba. Ga ni a hawa na goma sha tara, daga taga sai jirgin ƙasa yana wucewa. Abdulmajid ya yi min tapau, wato ƙunshin abincin saye, ya tafi aiki, ni da bango. Wallahi na ƙosa.

Abin da ke cina shi ne likkafanin. Kin san babanku. Shekara ashirin da shida yana manaja a masaƙa, ko ɗankwali na saya sai ya murza shi da yatsu ya ce, "Hauwa'u, leda kika ɗaura." Ranar da aka rufe masaƙar bai ɗauko ko kujera ba, sai farin yadin nan na saƙar ƙarshe, ya ce a ciki za a sa shi. Ga shi mun zo asibiti a ƙasar nan, rai ya yi halinsa, an binne shi a yadin da yayanki ya saya a kedai, wato kantin nan. Yaron nan har yau yana ba ni haƙuri.

Ki buɗe durowarsa ki ɗauko yadin, ki bayar a suturta wani, ladan ya kai masa.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

Kakuri, Kaduna

Umma,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da girmamawa, yara suna gaishe ki.

Sau uku ina yaga takardar nan. Umma, yadin ba ya durowa. Ana gobe za ku tashi Baba ya sa na goge shi, na shimfiɗa a ƙasan jan akwatinsa, ƙarƙashin manyan riguna. Ya ce, "Kada ki gaya wa Ummanku, hankalinta zai tashi. Ni zan faɗa mata in mun sauka."

Na ɗauka ya faɗa miki. Ranar rasuwar ina ta kuka, ban tambaya ba, na zaci a cikinsa aka sa shi. Ki yafe min, Umma.

Allah ya jiƙan Baba, ya dawo mana da ke lafiya.
'Yarki, Husainatu

Taman Melati

Husainatu,

Gaisuwa mai yawa. Akwatin yana ƙarƙashin gadon da nake kwana, tun ranar rasuwar na kasa buɗe shi. Yau na buɗe. Yadin yana nan, har da karin gugarki.

Ba ki da laifi. Yayanki kuma kada ya taɓa ji.

Na murza shi da yatsu kamar yadda yake yi. Auduga ce zalla. Na mayar, na rufe. Saura kwana sittin da ɗaya in fita takaba.

Ummanki